A Bar Mu Da Layukanmu Uku Tukuna

Mu 'yan aji biyu da ke ƙungiyar kwamfuta muna da ƙorafi, kuma a kan yayyenmu na babbar sakandare ne.

Ranar Laraba Malam ya ba mu aiki a Python: ga jerin makin ɗalibai 40, a ƙara wa kowa maki 5, a fitar da sabon jeri. Muka yi yadda aka koya mana. Muka buɗe jerin da babu komai a ciki, muka sa madauki, wato umarnin for, ya bi makin ɗaya bayan ɗaya yana ƙara 5, append kuma yana jefa kowanne cikin sabon jerin. Layi uku ke nan. Yayyenmu kuwa layi ɗaya tak suka rubuta. Wasunsu da map suka yi, wanda ake miƙa masa aikin da jerin gaba ɗaya, shi ya san yadda zai yi. Sai suka yi ta mana dariya, wai aikin tsofaffi muke yi.

To, amsar dai iri ɗaya ta fito.

Mun yarda salonsu yana da amfani. Wani a cikinmu ya buɗe sabon jerin a cikin madaukin maimakon a samansa, kowane zagaye sai jerin ya koma fanko, a ƙarshe makin mutum ɗaya ya rage. A layi ɗaya babu wurin yin wannan kuskuren. Amma ta yaya muka gano shi? An ɗauke wuta, muka ɗauki biro da takarda muka bi madaukin zagaye-zagaye, a na biyu muka kama ɓarawon. Kwamfutocinmu ba su ishe mu ba, rabin darasin a kan takarda muke yi, kuma madauki ne ake iya bi da yatsa. Da muka ce wa wani yayanmu ya yi mana bayanin layinsa, sai ya ce a intanet ya gani.

Kuma su sani, Python ta fito a 1991, amma salon gina jeri a layi ɗaya sai a 2000 ya shigo. Shi kansa Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya taɓa son a cire map gaba ɗaya.

Roƙonmu ga Malam shi ne, a gasar ƙarshen zango kada a rage wa kowa maki don layukansa sun yi yawa. Wanda ya rubuta layi ɗaya kuma, a ba shi alli ya fito allo ya warware mana shi zuwa madauki. Mu ma za mu koyi nasu salon a aji uku, in Allah ya kai mu.