FILIN NA'URA DA ZAMANI: An Wanke Kwamfuta, Wasa Ya Koma Tafiyar Hawainiya

A wannan mako za mu duba wani kuka da ya yi yawa a bakin samari masu kwamfutar tafi-da-gidanka, tun daga unguwar Madaki a cikin garin Gombe har sauran biranen ƙasar nan. Kukan kuwa shi ne, yaro ya ga kwamfutarsa ta yi nauyi, sai a ba shi shawara ya wanke ta, watau abin da suke kira fomat. Ya wanke, ya sāke zuba wasanninsa, sai ya tarar ƙwallon da a da ke gudu sumul yanzu 'yan wasa na ɗaga ƙafa kamar masu tafiya cikin taɓo, muryar mai sharhi kuma tana kakkaryewa. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Abin da ya sa muka ga ya kamata mu sa baki shi ne, maganar ba ta tsaya ga wasa ba. Yawancin kwamfutocin nan na hannu ne, iyaye suka sayo da guminsu domin karatu. Da zarar yaro ya kasa gane matsalar, sai ya nufi kasuwa, a ce masa injin ya gaji, ya ƙara ram ko ya sayar ya sayi wata. Sau da yawa kuwa lafiyarta lau.

Da farko, mene ne ainihin abin da ke gudanar da wasannin? Kamfanin Sony na Japan ya fito da PlayStation a 1994, PlayStation 2 a shekarar 2000, sa'an nan PSP a 2004. Wasanninsu, irin su Winning Eleven na kamfanin Konami wanda ya cika gidajen wasa na Arewa, an rubuta su ne da harshen waɗancan na'urori, kwamfuta ba ta jin sa. Saboda haka masana suka ƙirƙiro manhajar kwaikwayo, wadda samari ke kira imuleta, kamar su PCSX2 mai kwaikwayon PlayStation 2, da Dolphin da ta fito a 2003, da PPSSPP da ta fito a 2012. Aikinta aikin tafinta ne a gaban alƙali: kowace kalma sai ya ji, ya juya, ya faɗa. Shi ya sa ƙwaƙwalwar PlayStation 2, wadda gudunta yake wajen megahaz 295, take wahalar da kwamfutar da ta ninka ta sau bakwai ko fiye. Kuma dole tafintan ya fitar da hoto 50 ko 60 cikin kowace daƙiƙa, gwargwadon ƙasar da aka yi wa wasan. In ya gaza, wasa da sauti duka su ja ƙafa.

To, mai karatu ya lura, wanki ba ya rage wa ƙarfe ƙarfi. Abin da yake sharewa shi ne shirin da aka yi wa kwamfutar a baya. Don haka sai a bi sawu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, direban hoto. Kowane sashe na kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke sarrafa shi, ana ce mata direba. Bayan wanki, Windows takan ɗora wani na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda iyakarsa ya nuna rubutu da hoto a allo ba tare da cikakken ƙarfin katin hoto ba. Kamar a danƙa wa yaron mota tirela ne a hawan dutse. A buɗe Device Manager a duba sashen allo. In wannan suna aka gani, an kama ɓarawo. Sai a ɗauko direba na ainihi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko na Intel, ko AMD, ko Nvidia. Kada a yarda da manhajojin banza masu alkawarin zuba direbobi duka a lokaci ɗaya, domin ta nan ƙwayar cuta kan shigo.

Na biyu, akwai kwamfutoci masu katin hoto biyu, ƙarami mai tsimin batir da babba mai ƙarfi. Wanki yakan mantar da zaɓin da aka yi a da, sai wasan ya faɗa hannun ƙaramin, babban yana barci. A shiga saitin hoto na Windows, a zaɓi imuletar da sunanta, a ce ta yi aiki da babban.

Na uku, wuta. Windows sabuwar wanki takan koma matsakaicin tsarin wuta, kuma idan ana kan batir sai ta rage gudun ƙwaƙwalwa da gangan. A inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, yaro zai iya yin rabin wasansa a kan batir bai ankara ba. A jona caja, a mai da tsarin wuta kan cikakken ƙarfi, sa'an nan a gwada. Har ila yau a duba cajar kanta. Wasu kwamfutoci, kamar na Dell, sukan tantance cajar da aka sa musu, in ba su gane ta ba ko ƙarfinta ya gaza, sai su rage gudu.

Na huɗu, haƙuri. A kwanakin farko bayan wanki, Windows tana can ƙarƙashin ƙasa tana jawo gyare-gyare daga intanet, tana lissafa fayiloli, tana binciken cuta. A buɗe Task Manager: in aka ga faifan ajiya ya cika ɗari bisa ɗari alhali ba a taɓa komai ba, to a bar ta ta gama. Wannan ya fi tsanani ga mai tsohon faifai mai juyawa. Ita ma imuletar takan tara hotunan da ta riga ta sarrafa domin gaba, wanki kuwa ya share su, saboda haka karon farko sai an ɗan ji tuntuɓe kafin hanya ta miƙe.

Na biyar, saitin imuletar. A tabbata an ɗora zanen hoto a kan katin hoto, ta hanyar Direct3D ko Vulkan ko OpenGL, ba a kan ƙwaƙwalwa kaɗai ba. A mai da girman hoto yadda na'urar asali ke fitar da shi. Wanda ya ninka shi biyu ya sani aikin ya ninku huɗu ne, domin tsawo da faɗi duka sun ƙaru. Masu kwaikwayon wayar Android da irin su BlueStacks kuma su leƙa BIOS su ga ko VT-x na Intel ko AMD-V a kunne yake. Wankin Windows ba ya taɓa wurin, amma in ƙaramin batirin da ke cikin tsohuwar kwamfuta ya mutu, saitin kan koma na masana'anta.

Na shida, zafi. Duk wanda ya san Gombe a watan Maris da Afrilu ya san awon zafi kan kusanci digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta doshi digiri 100 takan rage gudu don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce wasa ya fara lafiya, bayan 'yan mintoci ya lafe. Wannan ba laifin wanki ba ne, haɗuwa ce kawai suka yi. A daina ɗora ta kan katifa ko darduma, a sa mai gyara ya busa ƙurar, ya sāke man da ke kan ƙwaƙwalwar.

Sai an bi waɗannan duka ba a dace ba ne za a yi maganar sayen kaya. Ga masu gyara kuma muna da kira: wanki ba maganin kowace cuta ba ne, kuma wanda ya wanke wa mutum kwamfuta bai mayar masa da direbobi ba ya yi gyaran gangar Auzinawa. Samari su ma, kafin a wanke, su kwafe takardun makaranta da saitin wasanninsu, su rubuta sunan katin hotonsu a takarda, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Bugu da ƙari, a tuna kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta ran 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka mai ita ya ƙara taka-tsantsan da abin da yake jawowa daga intanet.

Daga ƙarshe, yaron da ya bi sawun nan da kansa har ya gano matsala ya koyi abin da zai ci abinci da shi gobe. Illa dai kada wasa ya cinye lokacin salla da na karatu. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.