Hanyar Alfadarai da Ta Zama Hanyar Masu Keke



A 'yan shekarun nan wani irin hawan keke ya sami karɓuwa a ƙasashen Turai da Amurka, inda masu yinsa suka ƙaurace wa kwalta da hayaniyar motoci, suka koma bin hanyoyin burji da tsakuwa waɗanda suka ratsa dazuzzuka suka bi gaɓar koguna, har al'amarin ya kai ga hukumar tseren keke ta duniya ta shirya musu gasar zakarun duniya ta farko a shekarar 2022, a yankin Veneto na ƙasar Italiya. Kekunan da ake ƙera musu suna da ƙaho mai lanƙwasa irin na keken tsere, amma tayoyinsu sun fi faɗi domin su kama ƙasa inda tsakuwa ke zamewa, da yawansu kuma maimakon tib sai a zuba musu wani ruwa mai danƙo wanda ke toshe huda da kansa in ƙaya ta shiga. Masu talla sun cika kunnuwan jama'a da labarin waɗannan kekuna da tsadarsu. Ni kuwa hanyar ce ta fi ɗaukar hankalina, domin keke ana iya sayensa a yini guda, amma doguwar hanya wadda ba ta yanke ba, in ta salwanta, da wuya a sake samun irinta.

Daga birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania zuwa Washington, fadar gwamnatin Amurka, akwai wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 540, wadda mai keke zai bi kusan dukkanta ba tare da ya yi gogayya da mota ba, galibi kuma cikin mako guda ake gama ta. Kashi biyu ce, sun haɗu a garin Cumberland na jihar Maryland. Kashin yamma, wanda suke kira Great Allegheny Passage, mai kilomita 240, an shimfiɗa shi ne a kan gurbin tsofaffin layukan dogo da aka tumɓuke ƙarafansu, aka zuba dakakken dutse aka daddaɓe, aka kammala shi a 2013. Yana bin kogin Monongahela, sa'an nan Youghiogheny, sa'an nan Casselman, cikin duhuwar itatuwa da ƙarar ruwa mai gangarowa daga duwatsu, musamman a wajen Ohiopyle inda kogin ke zubowa daga tudu. Da yake jirgin ƙasa mai jan kwal ba ya son hawa mai tsanani, injiniyoyin dā sun sassauta tudun ƙwarai, har ya zama mutum yana hawa zuwa mita 729 sama da teku, inda ruwan sama ke rabuwa, wani ya nufi gabas wani ya nufi kogin Mississippi, alhali ƙafarsa ba ta gaya masa cewa dutse yake hawa ba. Kusa da nan ne hanyar ke shiga ramin Big Savage, wanda aka huda cikin dutse, tsawonsa ya kai kilomita guda, ana kuma rufe shi a lokacin sanyi saboda ƙanƙara.

Kashin gabas shi ne mai dogon tarihi, a kansa kuma nake so mu ɗan tsaya. A ranar 4 ga Yuli, 1828, shugaban Amurka John Quincy Adams ya sara ƙasa don fara haƙa wata magudanar ruwa da jiragen kaya za su bi a gefen kogin Potomac, da niyyar a sada bakin teku da kogin Ohio. A wannan rana ɗin kuma, cikin ikon Allah, aka aza harsashin layin dogo na Baltimore da Ohio, wanda ya riga magudanar isa Cumberland da shekara takwas. Sai a 1850 ruwa ya kai garin, bayan an gina matakan ɗaga jirage 74, an kuma shafe shekara goma sha huɗu ana fama da ramin Paw Paw, mai tsawon mita 950, wanda aka yi domin a kauce wa lanƙwashe-lanƙwashen kogin. Daga nan kuɗi suka ƙare, aikin bai taɓa isa Ohio ba. Galibin jiragen ba su da inji. Alfadarai ne ke jansu da igiya, suna tafiya a wata 'yar turba da aka yi musu a gefen ruwa, sau da yawa yaran masu jirgi ne ke kora su, dare da rana, da lodin kwal zuwa Georgetown, ƙarshen magudanar ta wajen Washington. Ambaliyar 1924 ta kawo ƙarshen sana'ar, gwamnati ta karɓi wurin a 1938, daji ya fara mayar da abinsa.

Turbar alfadaran nan, mai kilomita 297, ita ce masu keke suke bi yau, kuma da ƙyar ta tsira. A farkon shekarun 1950 an yi shawarar a mayar da ita titin motoci, jaridar Washington Post ma ta goyi bayan haka a sharhinta na watan Janairun 1954. Sai wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, mutum mai son daji da tafiyar ƙasa, ya rubuta wa editocin takarda yana gayyatarsu su zo su taka hanyar da ƙafafunsu tare da shi, kafin su yanke hukunci a kan abin da ba su gani ba. Suka amsa. A watan Maris aka tashi da jama'a masu yawa, aka yi kwana takwas ana tafiya cikin sanyi da laka, mutum tara kaɗai suka kai ƙarshe ba tare da sun yanke ba, alƙalin yana cikinsu, yana da shekara 55. Jaridar kuma ta sassauta matsayinta. Ko da yake sai a 1971 aka sa hannu a dokar da ta mai da wurin gandun tarihi na ƙasa, wannan tafiya ce ta juya ra'ayin jama'a. A ganina hujjar da alƙalin ya kafa ta fi ta kowane lauya ƙarfi, domin ya san cewa wanda ya ratsa kwari a cikin mota ya wuce shi ne kawai, amma wanda ya bi shi sannu, ya ji ƙamshin ƙasa, ya ga barewa ta ƙetare gabansa, ya yi tadabburi a kan halittar Ubangiji, shi ne zai iya ba da shaida a kan darajarsa.

Kada mai sauraro ya zaci hanyar aljanna ce. In an yi ruwa, wasu sassan turbar sukan zama taɓo, saiwoyin itatuwa suna girgiza mahayi har haƙoransa su haɗu, kogin Potomac kuma yakan yi ambaliya ya cinye wani yanki, a sake gyarawa. Cikin ramin Paw Paw duhu ne da ɗigar ruwa, ba a shiga sai da fitila, masu hankali ma sauka suke yi su tura. Amma an tanadi masaukai na kyauta a kan turbar, tsakanin kowanne da na gaba 'yan kilomitoci, inda matafiyi zai kafa tanti ya kwana. Garuruwan kashin yamma da suka yi sanyi bayan rufe tsofaffin layukan dogon kuwa, irin su Confluence da Meyersdale, sun sami baƙi masu neman abinci da makwanci da mai gyaran keke. Hanya ce kuma da ba ta tambayar kuɗin kekenka: tsohon Raleigh irin wanda iyayenmu suka yi ta kai kaya kasuwa da shi a kan burji zai bi ta daga farko har ƙarshe, muddin akwai famfo da kayan faci.

Abin da ya sa irin waɗannan hanyoyi suka yawaita a Amurka har da wata doka ta 1983, wadda ta ba da damar a ajiye gurbin layin dogon da aka daina amfani da shi a matsayin turbar jama'a, kada a yayyanka shi a sayar, ta yadda in buƙatar jirgi ta dawo wata rana za a tarar da filin yana nan. Wannan ya yi kama da abin da malamanmu suka sani a babin wakafi, inda ake tsare asalin dukiya, a bar amfaninta yana gudana ga al'umma.

Mu ma muna da irin wannan gado. Ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos domin jigilar kuza an rufe shi tun 1957, ga kuma burtalai da tsofaffin hanyoyin fatake waɗanda gonaki da gine-gine ke ci kaɗan-kaɗan kowace damina. Gaskiya ne yawancin dazuzzukanmu a yau ba wuraren yawon shan iska ba ne, saboda rashin tsaron da ya addabe mu, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Amma auna fili da kafa masa alama ba sai an jira wannan rana ba. Ina kira ga gwamnatocin jihohi da sarakunanmu da hakimai da su sa a bi sawun waɗannan hanyoyi, a rubuta iyakokinsu, a hana sayar da abin da ya rage.