A Auna Mai Bayarwa Kamar Yadda Ake Auna Mai Karɓa

Jama'a, a shekarar 2010 ƙasar Norway ta yi wa Indonesiya alkawarin gudummawa har ta dala biliyan 1, bisa sharaɗin ta rage saran dazuzzuka da hayaƙin da ke ɗumama duniya, a tabbatar, sa'an nan a biya. Aka tabbatar da ragin. A 2020 Norway ta amince da biyan dala miliyan 56, amma kuɗi shiru. Indonesiya ta warware yarjejeniyar a 2021, sai da aka ƙulla sabuwa a 2022 aka biya.

Mu a ganinmu, mai duba irin waɗannan ayyuka kada ya tsaya ga ƙidayar itatuwa, ya binciki ranar biya. Fatake sun sani: in an auna hatsin mai sayarwa, sai a ƙirga kuɗin mai saye. Alkawari kaya ne.