Itacen da Ke Zama Takarda Cikin Shekara Huɗu

Zancenmu na yau a kan wani itace ne wanda masana ke kira Leucaena, mutanen Indiya kuwa suna ce masa subabul. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne, kuma dangin ɗorawa ne da bagaruwa.

Kun san dai da itace ake yin takarda. Akan sare shi, a farfasa, a dafa da magunguna har ya koma kamar ƙullu, sa'an nan a shimfiɗa shi ya bushe. Da can masana'antun takarda na Indiya sun dogara ga gorar daji, har ta yi ƙaranci. Sai suka juya ga manoma, musamman na jihar Andhra Pradesh, don su shuka musu subabul.

Lalle itacen yana da abin yabo. Cikin shekara 3 ko 4 ya isa sara, in an sare kuma kututturen ya sake tohowa. A saiwarsa akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu jawo taki daga iska, kamar yadda gyaɗa da wake ke yi, watau yana gyara ƙasar da ta gaji.

Amma fa, a ganina, kuskure ne manomi ya cika gonarsa duka da shi. Dalili na farko, ƙwari. Wani ɗan ƙwaro mai tsotson tohon ganye ya bayyana a tsibirin Hawai a 1984, bai daɗe ba ya game ƙasashen Asiya, ya yi ɓarna mai yawa. Dalili na biyu, kasuwa. Mai hatsi in ciniki ya ƙi sai ya ci abinsa. Mai itace kuwa masana'anta kaɗai ce mai saye, ita ke yanka kuɗi. Manoman Andhra Pradesh sun sha kukan faɗuwar farashi bayan sun yi jiran shekaru.

Saboda haka shawarata ita ce a shuka shi a ƙasar da ta gaji, layi-layi, a bar fili tsakani don abinci, kuma kada a dasa ko ɗaya sai an yi yarjejeniyar farashi a rubuce. In an yi haka, daji ya tsira, manomi kuma bai kwana da yunwa ba.