NAZARI: Ƙarin Filta Da Famfo A Motocin Dizal: Wa Ke Biyan Kuɗin Matsalar Mai?

A Amurka, ya zama ruwan dare mutum ya sayi a-kori-kura mai injin dizal kan dubban daloli, sannan ya garzaya da ita gareji a ƙara mata abubuwa biyu: ƙaramin famfon lantarki da ke turo mai daga tanki zuwa inji, da ƙarin filta mai tace datti da ware ruwa. Kamfanoni irin su FASS da AirDog sun yi suna da wannan sana'a. Kayan kan ci ɗaruruwan daloli, amma masu motocin na ganin da sauƙi, domin gyaran da suke gudu yakan kai dala dubu goma.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka tsabar son ƙarfe ne. Amma duk wanda ya bi diddigin lamarin zai tarar da ƙararraki a kotu, da janye dubban ɗaruruwan motoci, da tambayar da ta shafi duk mai zuba gas a Kano ko Maraɗi: idan inji da mai suka saɓa, wa zai ɗauki asarar?

Tushen matsalar

Injinan dizal na zamani suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi, wanda ya kai ninki dubu biyu na matsin iskar da muke shaƙa. Babban famfon da ke samar da wannan matsi ba ya amfani da man juye; dizal ɗin da yake turawa shi ne kuma ke shafe ƙarafansa don kada su ci juna. Saboda haka ɗigon ruwa, ko ƙwayar datti, ko kumfar iska, ko man da ba shi da santsi, kowanne na iya zama ajalinsa.

A shekarar 2006 Amurka ta fara tilasta sayar da dizal mai ƙarancin salfa, wato farar wuta, wanda bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Mataki ne da ya amfani huhun jama'a. Sai dai hanyar da matatu ke bi wajen cire salfa takan tafi da wasu sinadaran da ke ba man santsi, dole sai an ƙara su daga baya. Ƙa'idar Turai kan santsin mai kuma ta fi ta Amurka tsauri: a gwajin da ake yi, Turai ba ta yarda zaizayar ƙarfe ta wuce maikiron 460 ba, Amurka kuwa ta amince har zuwa 520.

Daga 2011, Ford da General Motors suka fara saka famfon CP4 na kamfanin Bosch na Jamus a manyan a-kori-kurarsu. Ram ya bi sahu a ƙirar 2019 da 2020. Idan wannan famfo ya lalace, garin ƙarfe yake zubarwa, garin ya bi mai ya shiga injektoci da bututu har ya koma tanki, sai an canza kusan komai.

Masu motoci sun shigar da ƙara, suna zargin cewa an ƙera famfon ne don man Turai, aka sayar musu alhali an san bai dace da nasu ba. Sun kuma koka cewa dillalai kan ƙi gyara kyauta da hujjar cewa mai motar ne ya zuba gurɓataccen mai. Kamfanonin sun musanta zargin. Duk da haka, General Motors ya sauya zuwa famfon Denso tun a ƙirar 2017, kuma daga baya ya amince da sulhun dala miliyan 50 ba tare da amsa laifi ba. A watan Nuwamban 2021, Ram ya janye motoci sama da 220,000 domin canza famfon. Bayan kimanin shekara uku, Ford ya janye kusan 295,000.

Abin da ƙarin kayan ke yi, da iyakarsa

Motocin General Motors masu injin Duramax na kafin 2017 ba su da famfon turo mai a tanki; babban famfon ne ke zuƙo man da kansa tun daga bayan mota. Idan filta ta fara toshewa ko iska ta shiga layin, sai ya yi ta aiki cikin ƙishirwa. Ƙaramin famfon da ake ƙarawa yana kawar da wannan wahala: yana isar da mai a kai a kai, yana mayar da kumfar iska tanki. Filtar da ke tare da shi tana kama ƙwayar da ta kai ƙanƙantar maikiron biyu, alhali kaurin silin gashin mutum kimanin maikiron 70 ne. Ɗaya filtar kuma tana tara ruwa a ƙasanta, a riƙa tsiyayar da shi.

Amfani ne na gaske, amma yana da iyaka, kuma masu talla ba su cika faɗin iyakar ba. Filta ba ta ƙara wa mai santsi. Ba ta cire salfa, domin salfa narke yake a cikin man. Ba ta raba dizal da kalanzir idan an gauraya su. Kuma garin ƙarfen da CP4 ke zubarwa a gaban filtar yake samuwa, bayan man ya riga ya wuce ta. Shi ya sa wasu ke sake sayen wani kayan da zai karkatar da garin daga injektoci, wasu kuma su tumɓuke famfon ɗungurungum su maye gurbinsa da tsohon samfurin CP3. A taƙaice, mai mota yana biyan kuɗi sau biyu ko uku don toshe ɓarakar da ba shi ya haifar ba.

Inda abin ya shafe mu

Matsalar Amurka ta biyo bayan tsaftace mai ne. Tamu kuwa daga ƙazantarsa ta taso. A watan Satumban 2016, ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa dizal na musamman don Afirka, wanda salfarsa a wani samfurin ta ninka ƙa'idar Turai sau 378. A lokacin, Najeriya ta halatta kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa kashi 10. A Disamban wannan shekarar aka yi taro a Abuja, inda Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka yi alkawarin daina karɓar irin wannan mai. Najeriya ta tsayar da Yulin 2017 domin komawa kashi 50. Wa'adin ya zo ya wuce shiru. A 2020 ministocin ECOWAS suka sake amincewa da kashi 50 ɗin. Daga bisani ma ƙasashen da ake lodin man ne, Holan da Beljiyam, suka haramta fitar da shi daga tashoshinsu.

A Yulin 2024 'yan ƙasa suka ga abin mamaki. Shugaban hukumar NMDPRA na lokacin, Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida, har da na Ɗangote, yana ɗauke da salfa tsakanin kashi 650 zuwa 1,200. Matatar Ɗangote ta yi gwaji a gaban 'yan Majalisar Wakilai, ta ce nata bai kai kashi 90 ba, yayin da samfurorin da aka sayo daga gidajen mai suka haura 1,800. Mai sa ido da wanda ake sa wa ido suka yi ta musayar alƙaluma, direban da ke tsaye a gidan mai kuwa ba shi da hanyar sanin abin da ke shiga tankinsa.

Bayan salfa, akwai abin da kowane bakanike ya sani: ruwan da ke taruwa a tsofaffin tankunan ƙarƙashin ƙasa, tsatsar duro, ƙurar hunturu da ke shiga jarka, da man da ake dafawa a haramtattun matatun yankin Neja Delta. A nan kam ƙarin filta mai ware ruwa tana da rana, ga mota, ga tarakta, ga janareto. Tsofaffin injina sukan haɗiye irin wannan mai su wuce. Na zamani, waɗanda ke shigowa ta Legas da Kwatano, ba su da wannan haƙurin.

Bambancin shi ne, Ba'amurke yana da kotun da za ta haɗa dubban masu ƙara wuri guda, da hukumar NHTSA da ke bibiyar lahanin motoci har a janye su. Wanda ya sayi wannan motar a matsayin 'yar Beljiyam ba shi da garanti, kuma wasiƙar janyewa ba za ta iso shi ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya shigar da lambar shasin motar mai alamomi 17 a shafin hukumar na intanet, kyauta, ya ga ko akwai gyaran da ba a yi ba kafin ya biya kuɗi.

Tambayoyin da suka rage

Akwai darasi ga masu tsara manufa. Yayin da Najeriya ke matsawa zuwa dizal mai ƙarancin salfa, tilas a riƙa auna santsinsa ma, in ba haka ba za a fita daga wata matsala a faɗa wadda Amurka ta sha. Ya kamata NMDPRA ta riƙa wallafa sakamakon gwajin kowane jirgi da kowace defo a inda ɗan jarida da direba za su gani. Hukumar SON tana da alhakin jabun filtocin da suka cika kasuwannin kayan gyara, domin filtar bogi ta fi rashinta haɗari, tunda mai ita ya saki jiki. Hukumar FCCPC kuma ta fayyace hanyar da wanda gidan mai ya kashe wa inji zai bi ya karɓi diyya.

Kafin hakan ta samu, wanda ke da hali zai sayi filta ya kare injinsa, kuma ba a ga laifinsa ba. Wanda ba shi da hali zai biya a gareji, sannan ya ɗora kuɗin kan buhun masarar da ya ɗauko. Hayaƙin kuwa kowa ke shaƙa, har da yaron da ke talla a bakin titi.