Wayar Hannu Baƙuwa Ce, A Nuna Mata Gari

 Zuwa ga malamai da alarammomi da gardawa, da fatake da 'yan tireda na ƙasar Bodinga da Shagari, da dukan wanda wannan takarda ta isa hannunsa.

Ku sani, tun shekarar 2001 da kamfanonin MTN da Econet suka fara sayar da layin waya a Nijeriya, gardamar halascin riƙe ta ta daɗe da mutuwa, domin yau ba limami, ba ladan, ba mai awon gero da za ka lalubi aljihunsa ka rasa Tecno ko Itel. Mu ma muna da ita, muna kuwa cin moriyarta. Abin da ya saura a yi magana a kansa shi ne wannan: waya da manhajojin da ke cikinta, watau 'yan shirye-shiryen nan da ake saukowa da su daga intanet, an ƙera su ne a wasu ƙasashe, an daidaita su bisa lokacin waɗancan mutane da karatunsu da iskar garinsu. Baƙo kuwa, ko da idonsa biyu, makaho ne sai an nuna masa gari. Mutanenmu da yawa sun karɓi baƙuwar nan ba su nuna mata kome ba, har ma sun sa ta gaba suna bin ta.

Bari mu fara da mafi nauyi, watau Alƙur'ani mai girma. Karatun da muka gada a makarantun allo na ƙasar Hausa da Barno ruwayar Warshu ce daga Imamu Nafi'u na Madina, wanda ya rasu shekara ta 169 bayan Hijira. Shi Warshu mutumin Masar ne, ya rasu a 197. Amma mafi yawan manhajojin Alƙur'ani, da ka buɗe su, ruwayar Hafsu daga Asimu za su kawo maka, saboda ita ce aka buga a Alƙahira a 1924, ita ce kuma maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta fi yaɗawa cikin duniya. Kada wani ya juya maganarmu: ruwayoyin nan biyu duka ingantattu ne, babu mai ilimin da zai aibata ɗaya daga cikinsu. Illa iyaka cakuɗa su cikin rashin sani aibi ne ga mai karatu, kuma shi ne abin da muke ji a bakin yara yanzu.

Dubi yadda abin ke faruwa. Yaro ya wanke allonsa, malam ya biya masa da Warshu da safe. Da dare ya ari wayar wansa, ya sa abin sauraro a kunne, ya yi ta jin wani makaranci na ƙasar Larabawa yana jan sautin Hafsu da murya mai daɗi. Kashegari ya zo hadda, ya ja mimin da ke farkon aya ta mulkin ranar sakamako cikin Fatiha, alhali Warshu ba ya jan ta. Ya bar imala inda ake yin ta, ya tabbatar da hamza inda ake sauƙaƙa ta. Ba shi nan, ba shi can. Rubutun ma haka. A allonmu fa'un ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas da waya ke nunawa fa'un ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. Ashe ke nan yaron da bai ƙware ba zai ga fa'un ya karanta ta ƙaf, ya yi rantsuwa kuma haka ya gani a rubuce.

Har wa yau ƙidayar ayoyi ta sha bamban. Ƙidayar Kufa da mus'hafin Hafsu ke bi ayoyi 6236 ce, ƙidayar Madina ta ƙarshe da mus'hafin Warshu ke bi 6214 ce, ba don an rage harafi ko an ƙara ba, sai don bambancin inda ake ajiye alamar ƙarshen aya. Suratul Baƙara 286 ce a can, 285 a nan. Saboda haka idan aka aiko maka da lambar aya ta WhatsApp ka duba naka mus'hafi ba ta faɗa daidai ba, kada ka ɗaga murya kana cewa an taɓa Littafin Allah. Mun ji an yi irin wannan hayaniya a zaure, tsakanin mutane masu furfura, a kan abin da ƙaramin ɗalibin ƙira'a zai warware da kalma biyu. Kuma mu da izu sittin muke lissafi, da nisfi da rubu'i da sumuni, sumuni 480 a sauka guda. Ita manhaja da juzu'i talatin da shafi 604 na bugun Madina take lissafi. Gardin da aka ce ya kawo sumuni biyu gobe, ina zai same su cikin shafukan da ba a yi musu alama ba?

Maganin wannan ba jefar da waya ba ne. Akwai manhajoji masu Warshu, ita kanta maɗaba'ar Madina tana buga mus'hafin Warshu, kuma Shaihu Mahmud Halilul Husari na Masar, wanda ya rasu a 1980, ya bar sauka cikakkiya da wannan ruwaya. Wajibin malami ne ya karɓi wayar almajirinsa, ko ya sa wani gardi mai ido ya duba, a tabbata abin da ke ciki ya dace da abin da ke kan allo. Ga mahaddaci mai tilawa a kan hanya, ko makaho, ko tsohuwar da idonta ya raunana, wannan na'ura ni'ima ce babba. Amma ba ta jin kuskurenka balle ta tsayar da kai, kuma ba a karɓar ijaza daga gare ta.

Sai mas'alar lokaci, wadda a cikinta azumin mutum ke iya lalacewa. Masana hisabi sun sani duniya tana juya daraja ɗaya, wadda 'yan boko ke kira digiri, cikin kowane minti huɗu. Kano tana kan daraja takwas da rabi gabas, Bodinga da Shagari suna wajen daraja biyar. Tsakaninsu ke nan kusan minti 13 zuwa 14. Tsakaninmu da Maiduguri ya ɗara rabin sa'a. To, falke ya sayi waya a Kano, yaron shago ya sa masa manhajar kiran salla ya daidaita ta da Kano, ya hau mota ya dawo gida. Watan azumi ya kama, waya ta yi kiran magariba daga aljihu, ya kai dabino baki, alhali rana tana nan jajawur bisa kan itatuwa ta yamma. Wa zai ɗora wa laifi? Ita dai ta faɗi gaskiyar garin da aka gaya mata.

Ko an daidaita gari, da sauran aiki. Cikin kowace manhaja akwai hanyoyin lissafin alfijir dabam-dabam: ta hukumar Masar tana ɗaukar alfijir ya keto idan rana tana daraja 19 da rabi ƙarƙashin sararin gabas, ta Ummul Ƙura ta Makka 18 da rabi, ta Rabiɗa 18, ta Musulmin Amurka ta Arewa 15. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe, a ƙasa irin tamu, ya kai wajen minti 18, ga mai sahur kuwa wannan ba wasa ba ne. Ta Ummul Ƙura ma ba ta auna ɓacewar shafaƙi domin lisha, minti 90 kawai take ƙirgawa bayan magariba. La'asar kuma akwai lissafin Hanafiyya, mai jiran inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, alhali a mazhabar Imamu Malik da muke bi inuwa ta kai tsawon abu sau ɗaya, bayan inuwar zawali, lokaci ya shiga. Duk waɗannan suna ɓoye a wani lungu na manhaja da mafi yawan masu ita ba su taɓa leƙawa ba. Kwanan wata na Hijira da take nunawa shi ma lissafin Makka ne ake sa mata galibi, yakan riga namu da kwana ɗaya wani lokaci. A ƙasar nan tsayuwar wata daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ake sanar da ita, bayan an tantance shaidar waɗanda suka gani. Abin kunya ne mutumin Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya tsaya yana musu da ladaninsa saboda agogon da aka saita a wata nahiya.

Wani abu kuma game da manhajar da aka ce kyauta ce. Ɗan kasuwa ya sani ba a buɗe rumfa don a yi hasara. Wanda bai karɓi kuɗinka ba, ta wata ƙofa yake ci: ko ya cika maka fuskar waya da tallace-tallace, har ka ga tallan caca ya faɗo a gefen aya, ko ya tattara labarin inda kake kwana da inda kake wuni ya sayar. A watan Nuwamba na 2020 'yan jarida a Amurka suka fallasa cewa labarin wuraren masu amfani da manhajar Muslim Pro yana zuwa hannun wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda ke ciniki da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar suka musa cewa sun sayar wa soja, suka kuma ce sun yanke hulɗa da dillalan. Ko yaya ta kasance, idan manhajar tasbihi ta nemi izinin shiga jerin lambobin mutanenka da hotunanka, tambaye ta abin da carbi zai yi da su.

Ku kuma 'yan kasuwa, ba mu manta wahalar farkon 2023 ba, bayan Babban Banki ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, mai tumaki da mai albasa suka koyi karɓar ciniki ta waya ala tilas. Daga nan na'urar POS da asusun OPay da Moniepoint suka zauna daram a kasuwanninmu, kuma lalle sun rage wa falke fargabar ɗaukar damin kuɗi a hanyar Sakkwato zuwa Jega. Amma saƙon da ke shigowa yana cewa an biya ka ba shi ne kuɗi ba. 'Yan damfara suna iya ƙirƙirarsa, suna iya nuna maka hoton rasit na ƙarya. Kada buhu ya hau mota sai ka buɗe asusunka da hannunka ka ga abin da ya ƙaru. Lambar sirri kuwa ba a ba yaron shago ita, ba a faɗa wa mai kira da ya ce daga banki yake. Kuma littafin bashi na takarda kada a yar da shi. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Wanda lissafinsa da karatunsa duka sai da intanet suke buɗuwa, ran nan ya ga iyakar dabararsa.

Kayan haɗi ba za mu daɗe a kansu ba. Batirin ajiyar wuta da ake kira fawa bank, in an rubuta masa 10,000, kada ka zaci duka za su shiga wayarka: ƙwayar cikinsa a kan bolt 3.7 take, tana fitarwa a kan bolt 5, ga abin da ke tafiya cikin zafi, sai ka tsira da wajen kashi biyu cikin uku, in ma na kirki ne. Wanda ka ji shi sakayau a hannu an rubuta masa lamba mai ban tsoro, bar wa mai shi kayansa. Katin ajiya na memori akan yi masa irin ha'incin mudu mai ƙasa biyu, a rubuta babba alhali cikinsa ƙarami ne, sai ka zuba karatun malamai na shekara guda ka wayi gari ya zube. Gwada shi a gaban mai sayarwa, a cika shi a sake buɗewa. Zafi kuma makashin batir ne. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayarsa an yi ta ne don aiki tsakanin daraja 0 da 35 na ma'aunin zafi, mu kuwa a watan Afrilu muna haye 40. Mai barin waya tana caji a kan faifan sola tsakar rana, ko ƙarƙashin matashi, shi ya san abin da ya kumbura masa batir.

Saura kukanmu na masu ajami. Shekaru da yawa wanda ya so rubuta Hausa da haruffanmu a na'ura sai ya ari na Larabawan gabas, ɗigon imala da muke rubuta wasalin “e” da shi ya ɓace, fa'un da ƙaf su sauya kama. Yanzu an sami sauƙi: hukumar Unicode, mai tsara lambobin haruffan duniya domin na'urori, ta shigar da fa'un da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu a 2016, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da wani salon haruffa mai suna Alkalami wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannun Kano. Sai dai har yanzu ka sayi waya sabuwa ba za ka tarar da su a allon rubutunta ba, sai wanda ya san hanya ya nemo.

Don haka muna kira ga samarinmu masu ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ita ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, su zauna da alarammomi su fitar da manhaja mai ruwayar Warshu da rubutun allo, mai lissafi da izu da sumuni, mai buɗuwa ko babu intanet, ba talla a cikinta. Limaman Juma'a na Bodinga da Shagari kuma su sa a auna faɗuwar rana da ketowar alfijir da ido na 'yan kwanaki, a gwada da manhajojin da ke hannun jama'a, a sanar a masallaci wace hanya ce ta dace da garin, kafin watan Sha'aban ya ƙare. Masu sayar da waya a kasuwar Sakkwato su riƙa tambayar mai saye garin da zai kai ta kafin su saita masa.