Kakuri da Darasin Ƙasar Sin

Duk sanda na ratsa Kakuri na ga masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta zama kango, sai in tambayi kaina: yaya atamfar Sin ta kashe tamu? A 1978 Jam'iyyar Kwaminisanci, a ƙarƙashin Deng Xiaoping, ta buɗe kasuwa amma ba ta saki linzami ba. Ta tsaya wa masana'antunta da lantarki da bashi. Mu kuwa a 1986 muka rungumi SAP, muka bar masaƙunmu da janareta da 'yan fasa-ƙwauri. Ba na sha'awar mulkin da ke ɗinke bakin talaka. Tsarinsu nake kishi. Gwamnatin da ba ta kare masaƙa ba, wane aiki za ta ba 'ya'yan masaƙan Kakuri?